Daga Ina Dala Ta Zo Mana?

A teburin wani mai shayi a Unguwar Dosa na fara jin abin. Mutumin Maraɗi ne, yana waya da gida, sai ya ce a ba yaro "dala ashirin". Na zaci kuɗin Amurka yake nufi. Ya yi dariya ya ce a wurinsu dala ɗaya sefa biyar ce. Wani dattijo da ke gefe ya ce su kuma a zamanin sulalla, sule biyu ake kira dala.

Asalin kalmar ba ɓoyayye ba ne. A wajen 1520 aka fara buga kuɗin azurfa a Joachimsthal, cikin ƙasar Czech ta yau. Da Jamusanci "thal" kwari ne, sai aka gajarta sunan kuɗin ya koma "thaler", Ingilishi suka mayar da shi "dollar". 

Wahalar tana wajen hanyar da ta bi ta iso mu. Zato na farko shi ne Sahara. Ayarin Larabawa sun kawo azurfar Maria Theresa, wadda ita ma thaler ce, mai ɗauke da shekarar 1780 ko yaushe aka buga ta, kuma Baturen matafiyi Barth ya tarar ana canjinta da wuri kimanin 2,500 a Kano a 1851. Sai dai Larabawa riyal suke ce mata, mu ma muna da "liyari". In daga bakinsu muka ji, me zai kawo dala? Shi ya sa na fi karkata ga bakin teku, inda fatake suka yi ciniki da masu jin Ingilishi. Amma fatake ba su bar mana rubutu kan ranar da kalmar ta shiga bakinsu ba, nan sawun ya ɓace.

Akwai masu haɗa ta da Dutsen Dala. Ban yarda ba. Tarihin Kano ya danganta sunan dutsen da Dala, kakan kakan Barbushe, ɗaruruwan shekaru kafin a buga azurfar Joachimsthal. Dalar gyaɗa ma siffar dutsen ta ɗauko, ko da yake kuɗi ta tara wa Kano.

Mai shayin dai da na tambaye shi, cewa ya yi haka ya taso ya ji mahaifinsa yana ƙirga.