Shugaban da ya zabge albashinsa don kada a kori ma'aikata

A Janairun 2024 kamfanin Microsoft ya sallami ma'aikata 1,900 daga sashen wasannin bidiyo. Wata guda bayan nan Sony ya bi sahu da kusan 900. Duk sanda aka yi irin wannan kora, sai ka ji ana tuno Satoru Iwata. Bari in ba ku labarinsa.

An haife shi a Sapporo ta ƙasar Jafan a 1959. Tun yana sakandare yake haɗa ƙananan wasanni a kan na'urar lissafi. Da ya gama jami'a a Tokyo a 1982, sai ya shiga wani ɗan ƙaramin kamfani mai suna HAL Laboratory yana rubuta manhaja. Mahaifinsa, magajin garin Muroran, sam bai so haka ba.

A 1993 bashin yen biliyan 1.5 ya kusa durƙusar da HAL, aka damƙa wa Iwata ragama yana ɗan shekara 33. Cikin shekara 6 ya biya bashin tas. Kuma shugabanci bai raba shi da aikin hannu ba: da aikin wasan EarthBound ya cije wa masu shi, shi ya zauna ya sake gina manhajar daga tushe, wasan ya fito a 1994.

A 2002 ya zama shugaban Nintendo, na farko da ba ɗan zuri'ar Yamauchi ba. A zamaninsa aka fito da DS da Wii, kowacce an sayar da sama da miliyan 100.

Sai kasuwa ta juya baya. A 2011 na'urar 3DS ta ƙi shiga, ya raba albashinsa biyu. A 2014, bayan faɗuwar Wii U, ya sake yin haka. Masu hannun jari sun yi maganar rage ma'aikata, ya ƙi. Hujjarsa: wanda ke kwana da fargabar kora ba zai ƙirƙiro abin da zai burge duniya ba.

Ciwon daji ya yi ajalinsa ranar 11 ga Yuli, 2015, yana da shekara 55. Bai ga fitowar Switch a 2017 ba, na'urar da ta farfaɗo da kamfanin.

Jama'a, Iwata ya taɓa zama a kujerar ƙaramin ma'aikaci, ya san wahalar aikin, shi ya sa da asara ta zo ya fara da aljihunsa. Allah ya haɗa mu da irinsa a wuraren aikinmu.