Tsabtace kwamin wanka da ƙananan wuraren ninkaya: Shin bilic na gida ya wadatar?

Sinadarin da ake wanke fararen tufafi da shi yana iya kashe ƙwayoyin cuta a ruwan wanka da na ninkaya, amma fa sai an auna shi, kuma akwai inda zubar da ruwan ya fi zuba masa magani.

A ƙarshen watan Fabrairun shekara ta 1999 dubban mutane suka yi tururuwa zuwa wani baje kolin furanni a garin Bovenkarspel da ke arewa da birnin Amsterdam a ƙasar Holan. Bayan 'yan kwanaki sai asibitocin yankin suka fara karɓar mutane masu fama da zazzaɓi da tari da sarƙewar numfashi. Aƙalla mutane 188 ne suka kamu, fiye da 20 kuma suka rasu.

Masu bincike sun bi sawun cutar har zuwa wani kwamin wanka na ruwan ɗumi, irin wanda akasari ake kira Jacuzzi, da wani ɗan kasuwa ya ajiye a zauren domin talla. An cika shi da ruwa, an ɗumama, injinsa yana ta tayar da kumfa, amma ba a zuba masa maganin kashe ƙwayoyin cuta ba, tun da ba don wanka aka ajiye shi ba. Waɗanda suka kamu shaƙar feshin ruwan kawai suka yi a lokacin da suke wucewa ko suka tsaya kallo.

Irin haka ta sake faruwa a wani katafaren shago a birnin Stoke-on-Trent na Ingila a shekara ta 2012, sa'annan a wani bikin baje koli a jihar North Carolina ta Amurka a watan Satumban 2019, inda mutane fiye da 130 suka kamu, huɗu suka mutu.

Me ya sa ruwan ɗumi ya fi haɗari?

Ƙwayar da ta yi wannan ɓarna ita ce Legionella, wadda ke haddasa wani mugun ciwon huhu. An raɗa mata sunan ne bayan ɓarkewar cutar a taron ƙungiyar tsofaffin sojojin Amurka a birnin Philadelphia a shekara ta 1976. Tana hayayyafa a ruwan da ɗuminsa ke tsakanin digiri 25 zuwa 45 a ma'aunin Selshiyos, shi kuwa kwamin wanka yawanci ana ajiye shi ne tsakanin digiri 37 zuwa 40. Kimanin mutum ɗaya cikin goma da suka kamu da cutar yakan mutu, kuma ta fi yi wa waɗanda suka haura shekaru 50 da masu shan taba da masu raunin garkuwar jiki illa.

Akwai kuma ƙwayar Pseudomonas, mai fesa wa mutum ƙuraje masu ƙaiƙayi, musamman a wuraren da rigar wanka ta manne wa fata.

Daɗin daɗawa ruwan kwamin kaɗan ne, sau da yawa bai wuce lita 1,500 ba. Idan mutane huɗu suka zauna a ciki, gumi da man shafawa da dattin jikinsu duk a wannan ɗan ruwa za su tsaya, alhali zafi da kumfa suna gaggauta cinye maganin da aka zuba. A cikin bututun injin kuma wani irin yauƙi yakan taru, wanda ƙwayoyin cuta ke fakewa a ƙarƙashinsa. Ruwa yana iya zama garau kamar idon zakara amma yana ɗauke da cuta.

Bilic da yadda ake auna shi

A haƙiƙa dai sinadarin da ke cikin bilic na gida, wato sodium hypochlorite, shi ne dai wanda ake sayar wa masu manyan wuraren ninkaya da sunan kulorin na ruwa. Bambancin kawai ƙarfi ne: nasu yakan kai kashi 10 zuwa 12 cikin ɗari, na gida kuwa yana tsakanin kashi 3 zuwa 8. A Najeriya an fi saninsa da sunayen Jik da Hypo, a Nijar da sauran ƙasashe renon Faransa kuma da sunan Javel, sunan wata unguwa ce a birnin Paris inda aka fara sarrafa irinsa a ƙarshen ƙarni na 18.

Hukumar hana yaɗuwar cututtuka ta Amurka, CDC, ta ba da shawarar kada kulorin ɗin da ke aiki a ruwan ninkaya ya gaza miligiram 1 a kowace lita, a kwamin ruwan ɗumi kuma kada ya gaza miligiram 3.

Lissafin ba shi da wuya. Idan bilic ɗin mai kashi 3.5 cikin ɗari ne, kimanin mililita 30, wato cokali biyu na cin abinci, zai ɗaga kulorin da miligiram 1 a kowace lita a cikin ruwa lita 1,000. Ke nan kwami mai wannan girma yana bukatar wajen mililita 90 kafin ya kai miligiram 3. Idan bilic ɗin mai kashi 5 ne, mililita 20 ya isa maimakon 30.

To amma wannan lissafin takarda ne. Dattin da ke cikin ruwa yakan fara cinye wani kaso, kuma bilic ɗin da ya daɗe a kanti cikin zafi ƙarfinsa ya riga ya ragu daga abin da aka rubuta a jikin kwalba. Saboda haka ne ake zubawa injin yana aiki, a dakata ruwan ya gauraya, sa'annan a gwada da 'yan takardun gwaji da ake tsomawa su sauya launi. Hukumar ta CDC ta ce a riƙa gwadawa aƙalla sau biyu a rana. Wanda ba shi da abin gwaji, gaskiyar magana, lalube yake yi a cikin duhu.

Hanci ma ba ma'auni ba ne. Warin nan mai ƙarfi da mutane ke ɗauka alamar tsabta ce, yawanci yana fitowa ne daga haɗuwar kulorin da gumi da fitsari, kuma shi ne ke sa idanu su yi ja. Ruwan da aka kula da shi sosai ba ya irin wannan wari.

Bilic zalla ake so. Wanda aka sa wa ƙamshi ko sabulu ko abin da ke sa shi kauri bai dace ba, domin zai tayar da kumfa ya kuma dame fata. A wurin ninkaya da ke fili rana tana lalata mafi yawan kulorin cikin sa'o'i kaɗan, shi ya sa zubawa da yamma ya fi tasiri.

Batun tsamin ruwa

Abin da mutane suka fi mantawa da shi shi ne ma'aunin pH, wanda ke nuna ko ruwa ya karkata ga tsami ko kuma ga ɓangaren kanwa. Ana so ya tsaya tsakanin 7.0 da 7.8. Dalili kuwa shi ne, a kan 7.5 kimanin rabin kulorin ɗin ne ke cikin siffar da ta fi kashe ƙwayoyin cuta, amma da ya kai 8.0 sai ya koma kusan kashi ɗaya bisa huɗu. Ke nan mutum yana iya zuba bilic isasshe, takardar gwaji ta nuna akwai shi, amma aikinsa ya yi rauni. Idan kuma ma'aunin ya yi ƙasa da yawa, ruwan zai riƙa cin ƙarfen injin.

A nan ma akwai kayan gida da ke taimakawa. Bekin soda na yin burodi yana hana ma'aunin yawan hawa da sauka, sodar wanki kuma tana ɗaga shi. Saukar da shi sai da asid ɗin da aka tanada domin wuraren ninkaya, kuma ƙa'ida ita ce a zuba asid a cikin ruwa, ba ruwa a cikin asid ba. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke kashe ƙwayoyin cuta.

Haka ma alam: yana kwantar da laka ruwa ya washe, amma bai wuce nan ba. Khal yana da amfani wajen goge farin gishirin da ke manne wa bangon kwami bayan an zubar da ruwa. Su Dettol da Izal kuwa ba a yi su domin wannan aiki ba.

Abubuwan da ba a haɗawa

Bilic da duk wani abu mai tsami, kamar khal ko maganin wanke masai mai asid, suna fitar da iskar kulorin, wadda aka yi amfani da ita a matsayin makami a yaƙin duniya na ɗaya. Bilic da sinadarin amoniya su ma suna fitar da wata iska mai ƙona huhu. Ko nau'o'in kulorin guda biyu, alal misali na ƙwaya da na gari, ba a haɗa su a mazubi ɗaya domin suna iya kamawa da wuta.

Alkaluman hukumar CDC sun nuna cewa tsakanin shekarun 2008 da 2017 mutane kimanin 4,500 ne a kowace shekara ake kai wa sashen gaggawa na asibitocin Amurka sakamakon raunin da sinadaran wuraren ninkaya suka yi musu, kuma fiye da kashi ɗaya bisa uku yara ne da matasa.

Bahon ninkaya na yara

Ga ƙananan bahon roba da ake hura wa iska, irin waɗanda iyaye ke saya wa yara a lokacin bazara, shawarar ta sha bamban. Ba su da matata, ba su da injin juya ruwa, ruwan kuma yana zubewa ana ƙarawa, don haka babu yadda za a san adadin bilic ɗin da ya dace. Shawarar CDC ita ce kada a zuba. A cika da ruwa mai tsabta, a zubar aƙalla sau ɗaya a rana, a ɗauraye, a shanya ya bushe.

Akwai wani dalilin. Ba kowace ƙwaya ce kulorin ke kashewa nan take ba. A ruwa mai miligiram 1 a kowace lita, ƙwayar E. coli tana mutuwa cikin ƙasa da minti ɗaya, Giardia cikin kimanin minti 45, amma Cryptosporidium, mai sa zawo, tana iya wuce kwanaki goma da ranta. Yaro ɗaya mai gudawa ya isa ya gurɓata ruwan baki ɗaya, yara kuwa ba a raba su da haɗiyar ruwa. Saboda haka yaron da ke zawo ko amai ba ya shiga, idan kuma wani ya yi bayan gida a ciki, sai a fitar da kowa, a zubar da ruwan, a wanke bahon da bilic da aka tsarma a ruwa, a ɗauraye sosai kafin a shanya shi a rana.

Ruwan da aka bari ya kwana a tsakar gida yana gayyato sauro, kuma ƙaramin yaro yana iya nutsewa a ruwan da bai kai tsawon tafin hannu ba. Bayan an zubar, a kife bahon domin kada ruwan sama ya sake taruwa a cikinsa.