ZARE: Ranar da direbobin hanyar Gwarzo suka kwana a hagu suka tashi a dama

1/ Duk wanda ya dawo daga Saudiyya ko Nijar, cikin tsarabarsa akwai labarin titi. "Can fa ba a wasa da danja." "Can jandarma ba ya jin magiya." Sai a rufe da cewa mu dai halinmu ne, ba ma gyaruwa. To akwai wani tarihi na hanyar Kano zuwa Gwarzo da ya ƙaryata wannan magana. Ku biyo ni.

2/ Matasa da yawa ba su san cewa har zuwa 1972 a hannun hagu ake tuƙi a Najeriya ba. Gadon Turawan Ingila ne. Motocin da ake shigowa da su, irin su Bedford da Austin da Morris, sitiyarinsu a dama yake. Direba na zaune inda fasinjan gaba yake zama yanzu.

3/ Ku kwatanta da hanyarmu. Ta taso daga Kabuga, ta bi Janguza, Rimin Gado, Garo, Gwarzo, ta faɗa Dayi a ƙasar Katsina. Mai zuwa Kano gabas ya fuskanta, hagunsa arewa. Ke nan a da, mutumin Kabo da ya fito bakin titi neman motar birni, tsallaken arewa yake tsayawa. Yau kuwa a kudu yake jira.

4/ Matsalar ita ce maƙwabtanmu. Dahomey, wato Benin ta yanzu, da Nijar da Chadi da Kamaru, duk a dama suke tuƙi, don Faransa ce ta raine su. Najeriya ta zama tsibirin hagu a tsakiyar masu bin dama. Duk ƙofar da ka bi ka fita, sai ka canja hannu.

5/ Mu ɗauki falken Gwarzo mai zuwa Maraɗi. Zai bi Dayi, ya hau hanyar Yashe, ya wuce Kankiya da Katsina zuwa Jibiya. Yana tsallaka iyaka ta wajen Ɗan Isa, dole motar ta koma dama. Hausa ɗaya, tuwo ɗaya, dangi a ko'ina, amma titin ya juya masa baya.

6/ Kuma ba ƙaramar zirga-zirga ba ce. A zamanin gyaɗa, da yawa daga gyaɗar ƙasar Maraɗi ta Kano take biyowa don a loda ta a jirgin ƙasa. Manyan motoci na kaiwa da komowa, direba ya wuni a hagu, ya kwana a dama.

7/ Ga inda hatsarin yake. Sitiyarinka a dama, kana kuma bin dama, ka ga kana can gefen daji. In za ka wuce motar gabanka ba ka hango mai tahowa sai ka fito da rabin motarka. Yaron mota ne zai leƙa ta ɗaya tagar ya ce "oga fita" ko "oga koma." Ran mutum talatin a bakin karen mota.

8/ Ba hannu kaɗai ke canjawa ba. Nisan da ka saba ƙirgawa da mil ya koma kilomita. Kwastan ya zama duwan, ɗan sanda ya zama jandarma, lasin ya zama permi. Fam da sule su koma dala da jaka. Har yau abin da muke kira acaɓa, a Maraɗi da Damagaram kabu-kabu ne.

9/ Amma waɗanda suka fi kowa ganin wannan bambanci alhazan ƙasa ne, kafin jirgin sama ya karɓe aikin. Daga Kano zuwa Maiduguri a hagu. A tsallaka bakin Kamaru zuwa Fort Lamy, wato Njamena ta yau, a koma dama har Abeche.

10/ Ana shiga Sudan ta Junaina a sake komawa hagu, don ita ma Ingila ce ta riƙe ta. Haka za a bi Fashir, Ubayyid, Khartum, har bakin Bahar Maliya. An sauka Jidda, sai ga motoci a dama. Tafiya ɗaya, canjin hannu sau uku. Wannan kafin a zo maganar rairayi da ƙishirwa.

11/ Bayan yaƙin basasa ya ƙare a Janairun 1970, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta ɗauki aikin. Femi Okunnu ne kwamishinan ayyuka na tarayya a lokacin, Audu Bako kuma yana gwamnan Kano. Ba mu muka fara ba: Gambiya ta canja a 1965, Saliyo a 1971. Ko a Turai, Suwidin ta yi nata a 1967.

12/ Aka tsayar da rana: Lahadi, 2 ga Afrilu, 1972. An zaɓi ranar da titi ba cunkoso. Kafin nan an yi ta shela a rediyo da jaridu, aka juya allunan hanya, aka sake tsarin mararraba. Da safiyar ranar ƙasa gaba ɗaya ta koma dama, daga Legas har Gwarzo.

13/ Ku yi tunanin abin da aka nema a wurin mutane. Direban da ya shekara ashirin hannunsa ya saba da hagu. Mai keke daga Getso. Mai jaki da kayan kasuwa. Uwar da ta koya wa ɗanta ya fara duba dama kafin ya tsallaka titi, yanzu sai ta koya masa ya fara duba hagu.

14/ Shataletale ma ya juya. A da kana zagaya shi yana damanka. Yanzu yana hagunka, kamar yadda mai ɗawafi ke sa Ka'aba a hagunsa. Motocin haya masu ƙofa a hagu kuwa sai suka koma sauke fasinja a tsakiyar titi, har aka sauya musu ƙofa ko suka tsufa.

15/ Canji bai tsaya nan ba. Ranar 1 ga Janairu, 1973 Naira da Kwabo suka maye gurbin fam da sule. Mil ya ba kilomita wuri. Sudan ta koma dama a 1973, Ghana a Agustan 1974. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna, sitiyari a hagu. Shi ya sa 504 ta ci kasuwa.

16/ Yau masu shan mamakin su ne ɗalibanmu da ke Indiya, Uganda, Maleshiya da Ingila, inda har yanzu hagu ake bi. Yaro ya sauka, ya buɗe ƙofar gaba zai zauna, ya tarar da sitiyari. Abin da yake ɗauka baƙon al'ada, shi kakansa ya taso a ciki a Kabo.

17/ Ita ma Saudiyyar da muke yabo, an san ta a baya da ganganci da yawan mutuwa a titi. A 2010 suka fara kafa kyamarorin Saher. Ka ƙetare danja ko ka zarce gudu, tara ta iske ka a waya, ba wanda za ka roƙa. Halinsu bai sauko daga sama ba, doka ce aka tsaya a kanta.

18/ Mu kuma? Muna da hukumar kiyaye haɗurra tun 1988. Amma je ka bakin titi ranar kasuwa: lodin mutum biyu a kujerar gaba, wuce mota a kan kwana, babur da mutum huɗu ba fitila, mai bin hannun da ba nasa ba don ya rage hanya. Kowa a yankin nan ya san gidan da aka yi zaman makoki saboda haka.

19/ A 1972 yawancin direbobin karkara ba su yi boko ba, ba waya, ba talabijin a ƙauye. An faɗa musu abin da za a yi, an sa rana, doka ta hau kan kowa har motar gwamna, suka bi. Jikokinsu ne ke tuƙi yau. Don haka a daina ce mana ba ma gyaruwa.

20/ In akwai dattijon direba a unguwarku, a tashar Gwarzo ko Garo ko Kabo, ku zauna da shi ku tambaye shi yadda ya wayi gari ranar canjin hannu. Ku naɗi muryarsa, don masu wannan labari suna ƙarewa. Allah Ya jiƙan waɗanda hanya ta cinye, Ya kai matafiya gida lafiya.