Yadda Sifaniyanci ya samo hanyarsa ta cewa "ya fi"

Aikatau guda ya ishi Bahaushe raba gardama: Audu ya fi Bala gudu. Mutumin Madrid kuwa sai ya kewaye bayanau da ƙananan kalmomi biyu: Ana corre más rápido que Luis, wato Ana ta fi Luis saurin gudu. Ba haka abin ya faro ba.

Rumawa sun sauka a gaɓar Ampurias ta ƙasar Sifaniya a shekara ta 218 kafin haihuwar Annabi Isa, da harshen Latin a bakinsu. A Latin ɗin littafi, ɗafa-ƙeya ce ke wannan aiki: celeriter na nufin da sauri, celerius kuma saurin da ya zarce na wani. Akwai kuma kalmar magis, wadda ake jingina wa kalmomin da ba sa karɓar wannan ɗafi. Sojoji da fatake da manoma sai suka riƙa amfani da ita ko'ina, don ta fi sauƙi, har ɗafa-ƙeyar ta bi ruwa. Magis ta lauye ta koma más, kishiyarta minus ta zama menos, tam da quomodo suka haifi tan da como na nuna daidaito: habla tan bien como tú, yana magana da kyau kamar kai.

A nan ne labarin ya fi daɗi. Daga baya wata kalmar Latin, plus, ta maye gurbin magis a tsakiyar daular Rum, shi ya sa Faransanci ke da plus, Italiyanci ke da più. Yankunan da ke can gefe suka riƙe tsohuwar kalma: mais a Fotugal, més a Kataloniya, mai a Romaniya. Nisa da Rum ne ya adana ta.

Wasu kalmomin dai sun ƙi sakin tsohon tsari. Mejor da peor, daga melior da peior, suna ɗauke da kwatancinsu a cikinsu, don haka canta mejor que yo, ya fi ni iya waƙa, ba ta bukatar más. Lokacin da Antonio de Nebrija ya wallafa nahawunsa na Sifaniyanci a Salamanca a 1492, tuni wannan tsari ya zauna da gindinsa. Har yau malamai na yi wa ɗalibin da ya rubuta más mejor gyara, domin ya ninka kwatancin sau biyu.