Alƙawarin Jonatan da Saniyar Aro a Damargu

A littafin Sama'ila na farko, ɗaya daga littattafan tarihi na Ibraniyawa, akwai mutumin da masu karatu kan tsallake saboda hankalinsu na kan Dauda da Jaluta. Shi ne Jonatan, babban ɗan Sarki Saul, sarkin da Alƙur'ani ya kira Ɗaluta a Suratul Baƙara. Alƙur'ani bai ambaci Jonatan ba, don haka abin da ke hannunmu game da shi nassin Ibraniyawa ne, kuma karatun adabi da tarihi zan yi masa a nan, ban shiga fagen aƙida ba. Da'awata ita ce abotar Jonatan da Dauda ta ɗore ne saboda an ɗaure ta da alƙawari mai sharaɗi, kuma makiyayan Damargu suna riƙe da al'adar da ke bayyana wannan fiye da sharhin malaman jami'a da yawa.

A babi na 18, bayan Dauda ya kashe Jaluta, Jonatan ya ƙulla alƙawari da shi, ya tuɓe alkyabbarsa ya ba shi, ya haɗa masa da takobi da baka da ɗamara. Duk wanda ya taɓa halartar naɗin sarauta a Damagaram ko Katsina ya san mai jiran gado ba ya miƙa alkyabbarsa da wasa. A babi na 20 Saul ya faɗa wa ɗansa ƙarara cewa muddin Dauda na numfashi, sarautar Jonatan ba za ta kafu ba, da yaron ya kare abokinsa sai uban ya wurga masa mashi. A babi na 23 suka sadu a ɓoye a jejin Zif, Jonatan ya ce Dauda ne zai yi sarki, shi kuma ya biye masa. Duk da haka bai bar mahaifinsa ba. Tare suka mutu a dutsen Gilbowa a yaƙin Filistiyawa.

Masana sun daɗe suna tankiya kan wannan labari. Tun 1927 Nelson Glueck ya nuna cewa alherin da nassin ke yawan ambata wajibi ne da ke kan mutanen da wata alaƙa ta ɗaure. A 1963 William Moran ya lura cewa a yarjejeniyoyin sarakunan Gabas ta Tsakiya na da, “ƙauna” na nufin biyayyar siyasa, sannan a 1974 J. A. Thompson ya ɗora wannan fahimta kan Dauda da Jonatan. Daga nan wasu suka zarce, suka ce ai lissafi ne kawai: Jonatan ya hango inda iska ta dosa, ya nemi rantsuwar cewa ba za a shafe zuriyarsa ba, kamar yadda sababbin sarakuna suka saba yi wa gidan da suka gada. Gaskiya ne ya nemi wannan rantsuwa, tana nan a babi na 20. Inda na rabu da su shi ne zaton cewa da zarar sharaɗi ya shigo, sadaukarwa ta fita.

A Ollelewa da sauran yankunan Tanut da Belbeji, inda gonakin hatsi ke ƙarewa makiyaya ta fara, Fulani Woɗaaɓe na da al'adar da suke kira haɓɓanaye, wadda Marguerite Dupire ta yi bayaninta a littafinta na 1962 kan Fulanin daji na Nijar. Mutum ya zaɓi karsana daga garkensa ya ba aboki ko ɗan'uwan da ya rasa dabbobi, ko saurayin da ke son kafa garke. Saniyar na zama a hannun mai aro, yana shan nononta, har ta haihu sau uku. Maruƙan nasa ne, uwar kuma ta koma gida. Mai aro kan fifita ta a kan nasa: ita ake fara shayarwa a bakin rijiya, kuma in rani ya tsananta ya rasa abin sayarwa don awo, zai kai tasa kasuwa ya bar ta aron. A sayar da saniyar haɓɓanaye abin kunya ne da ke bin mutum har 'ya'yansa.

Nan ma ana iya kawo lissafi, kuma an kawo. Wanda ya warwatsa shanunsa a garkuna daban-daban ya rage asara in annoba ko fari ya faɗa wa wuri guda. Waɗanda suka ga farin 1973 da na 1984 ba sa bukatar a koya musu wannan. Amma a dubi wanda ke ɗauke da hasarar a zahiri. Mai saniya ya sallama nonon shekaru da maruƙa uku, wato mafi albarkar rayuwar dabbar, ga mutumin da watakila ba zai taɓa samun halin ramawa ba. Sharaɗin haihuwa uku shi ke hana mai bayarwa janye hannu ranar da ransa ya ɓaci, shi kuma ke cire wa mai karɓa ƙasƙancin roƙo, tun da amana aka ba shi. Jonatan haka ya yi: abin da ya sallama gadon sarauta ne, a hannu, abin da ya karɓa magana ce daga bakin ɗan gudun hijira da ke kwana a kogo.

Alƙawari kaya ne, in ji Hausawa, kuma nauyinsa ya fi bayyana bayan mai shi ya kwanta dama. A Sama'ila na biyu babi na 9, Dauda yana kan karaga a Urushalima, ya tambaya ko akwai wanda ya rage a gidan Saul. Aka nuna masa Mefiboshet ɗan Jonatan, gurgu, wanda ya faɗi daga hannun mai renonsa yana ɗan shekara 5 ranar da labarin Gilbowa ya iso. Yana raɓe a Lodebar a gidan wani mai suna Makir. Dauda ya mayar masa da gonakin kakansa, ya sa Ziba, baran gidan Saul, da 'ya'yansa 15 da barorinsa 20 su noma masa, shi kuma ya riƙa cin abinci tare da sarki. Masu shakka sun ce wannan tsarewa ce cikin ladabi, a ajiye magajin tsohon gida inda ido ke ganinsa. Nassin ma bai ɓoye tabo ba: da Ziba ya yi wa Mefiboshet sharri lokacin tawayen Absalom ɗan Dauda, ƙarshenta raba gonakin aka yi tsakaninsu, hukuncin da a ganina bai cika mudun alƙawari ba. Sai dai a babi na 21, sa'ad da Gibeyonawa suka nemi a ba su mutum 7 daga zuriyar Saul don su kashe, an tsame Mefiboshet, kuma dalilin da aka bayar shi ne rantsuwar da ke tsakanin Dauda da Jonatan.

Tun bayan manyan fari, ƙungiyoyin agaji a Nijar sun ari sunan haɓɓanaye: a raba wa mata awaki, in sun haihu a miƙa wa na gaba, kwamiti na rubutawa a rajista. Aikin yana da amfani, ya tayar da gidaje da dama. Amma akuyar ta fito ne daga kasafin aiki, babu wanda ya cire ta daga garkensa, kuma wajibin yana ƙarewa ranar da aikin ya rufe ofis. Wannan rance ne mai kyau, ya kamata a kira shi da sunansa. Haɓɓanaye na gaskiya, irin wanda ɗa ke gadon nauyinsa daga uba, yana hannun makiyayan da har yanzu suke da saniyar da za su bayar, kuma duk burtali ko rijiyar da aka ƙwace musu a Damargu tana rage yawan waɗannan mutane.