Gwajin Magani a Jikin Yara: Darasin Kano ga Damargu

A shekarar 1937 wani likita ɗan Amurka, Charles Bradley, ya bai wa yara 30 ƙwayar Benzedrine, ya kuma lura cewa kusan rabinsu sun ƙara himma a karatu. Daga nan aka soma neman magani ga larurar rashin natsuwa da yawan ƙiriniya. A 2006 aka fitar da sakamakon babban gwaji a Amurka kan yara 303 masu shekara 3 zuwa 5 da rabi. Kafin a ba yaro maganin methylphenidate, sai da aka yi mako 10 ana koyar da iyayensa dabarun tarbiyya, aka kuma nemi yardarsu a kowane mataki. Maganin ya taimaka, amma ya rage wa wasu cin abinci da barci, ya kuma jinkirta girmansu.

Ƙasar Hausa ta san gwaji irin wannan ta wata fuska mai ɗaci. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano. Yara 200 aka ɗauka, rabi aka ba su Trovan, rabi ceftriaxone. Yara 11 suka rasu, wasu suka kurumce ko suka shanye. Iyaye sun ce ba a sanar da su cewa gwaji ne ba. Kamfanin ya ce an nemi yardarsu da baki, kuma cutar ce ta yi kisan. A 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75.

Ɓarnar ba ta tsaya a Kano ba. Zargin da ya biyo baya na cikin abin da ya sa aka dakatar da rigakafin shan-inna a can a 2003, cutar kuma ta tsallaka iyaka ta shiga Nijar. Tanut da Belbeji, waɗanda ayarin fatake ya daɗe da haɗa su da Kano, suna cikin yankin da sanƙarau ke dawowa da rani, don haka amanar iyaye ga likita batu ne na rai da mutuwa.

Malamin makaranta ne kan fara lura da yaron da ba ya zama wuri ɗaya, kuma shi iyaye kan tambaya idan an kawo takarda. Haƙƙinsu ne a bayyana musu da Hausa ko Tamajak ko gwaji ne, mene ne illarsa, kuma cewa in sun ƙi, za a ci gaba da yi wa ɗansu magani.