Cuta ɗaya da ta shafe shekara 69 da sunaye uku

A shekarar 1900, likitoci biyu a birnin Faris, Jules Dejerine da André Thomas, sun bayyana wasu majinyata da suke tangaɗi kamar masu maye, harshensu ya yi nauyi. Da aka duba ƙwaƙwalwa bayan mutuwa, sai aka tarar da sashen ƙeya mai daidaita tafiya ya ƙanƙance. Suka raɗa wa abin suna, aka ajiye shi a babin cututtukan tangaɗi.

Shekara 60 bayan haka, a Amurka, Milton Shy da Glenn Drager suka rubuta labarin wasu maza da jininsu ke faɗuwa da zarar sun miƙe tsaye har su suma, fitsari ya ƙi riƙuwa, gumi ya ɗauke. Wannan ma ya samu nasa sunan. A farkon shekarun 1960 kuma Raymond Adams da abokan aikinsa suka gano wasu da jikinsu ya sandare tamkar masu cutar Parkinson, amma ɓarnar da ke ƙwaƙwalwarsu ta sha bamban. Suna na uku ke nan.

Sai a 1969 Graham da Oppenheimer, a Oksfod, suka ce ai duk jirgi ɗaya ya kwaso su, suka kira cutar MSA, wato ƙanƙancewar sassan jijiyoyi da dama a lokaci guda. Hasashe ne mai ƙarfi, amma hujjar da ido zai gani ba ta zo ba sai 1989, lokacin da Papp da Kahn da Lantos a Landan suka hango wasu dunƙule-dunƙule a cikin ƙwayoyin da ke naɗe jijiyoyin ƙwaƙwalwa, kuma suka same su a dukkan nau'o'in uku. A 1998 aka gane cewa furotin ɗin alfa-sinukilin ne ya cunkushe a ciki, shi ne kuma wanda ke taruwa a cutar Parkinson. A ganina nan ne tarihin ya juya, domin daga ranar masu bincike suka san abin da suke farauta.

Sai dai hujjar tana cikin ƙwaƙwalwar mamaci, shi kuwa likita da mai rai yake hulɗa. Har a ƙa'idojin da aka sabunta a 2022, tabbaci na ƙarshe sai bayan mutuwa. Kafin nan alamu ake harhaɗawa: maganin levodopa bai yi wani tasiri ba, mafitsara ta lalace da wuri, hoton MRI ya nuna alamar gicciye a gindin ƙwaƙwalwa. Kuskure ba baƙo ba ne. Mawaƙin Amurka Johnny Cash an gaya masa a 1997 cewa ciwon Shy da Drager ne ke damunsa, daga baya aka janye maganar. Ga wanda aka faɗa wa gaskiya kuwa, yawanci shekara 6 zuwa 10 ke tsakanin alamun farko da ajali.

A 2020 masana a Kambirij suka nuna cewa furotin ɗin yana lanƙwashewa da siffa daban a MSA, wasu kuma a Houston suka yi amfani da wannan bambanci wajen rarrabe ta da Parkinson ta hanyar gwada ruwan laka. Ana ci gaba da tace gwajin.

Magani ne ya yi nawa. An gwada riluzole da rifampicin da rasagiline da sinadarin koren shayi, babu wanda ya rage wa cutar gudu. Abin da ke hannu shi ne sassauci: midodrine da fludrocortisone don ɗaga jini, robar fitsari, gashin ƙashi, ɗaga kan gado da dare. Yanzu ana gwada allurar garkuwa da aka ƙera don ta kama alfa-sinukilin kafin ya tsallaka daga wannan ƙwaya zuwa waccan.